Saukar da Darajar Ƙasa Wajen Cin Bashi da Tasirinsa ga Naira da Kasuwar Hannun Jari: Nazari daga Iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin

Tsakure

Wannan maƙala tana bin sawun hukuncin da kamfanonin auna amanar ƙasashe suka yi wa Nijeriya daga 2006 zuwa 2025, tana gwada shi da halin naira a gaban sefa a iyakar Bagudo da kuma halin kasuwar hannun jari ta Legas. Abin da ta tsaya a kai shi ne, saukar da daraja shaida ce a kan cutar da ta riga ta kama jiki, kuma ƙarfin tasirinta yana rataye ne ga irin tsarin canjin da ƙasa take bi.

Muƙaddima

 Mas'alar da aka ɗora mini bayaninta tana daga cikin waɗanda ake yanke hukuncinsu a Niyok da Landan, a ofisoshin da babu wanda ya taɓa jin sunan Tsamiya ko Lolo, alhali kuwa idan aka bi zarenta a hankali za a tarar ƙarshensa yana hannun ɗan canjin da ke zaune bakin kasuwa da damin naira a gefe guda da na sefa a ɗaya gefen. Don haka na zaɓi in dube ta daga ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda kogin Kwara yake shigowa Nijeriya, inda Tsamiya take fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, Lolo kuma take fuskantar Madekali da babbar kasuwar Malanbil. Mutanen wannan yanki, Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, sun gaji fatauci tun zamanin da ayarin masu neman goro yake ratsa Illo da ƙasar Bargu zuwa Gwanja, kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar gida biyu, kowane gida da kuɗinsa.

Fasali na ɗaya: Haƙiƙar wannan hukunci

Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan sana'a a duniya, watau Moody's da Fitch da Standard & Poor's, kuma aikinsu shi ne su duba kuɗin shigar gwamnati, da nauyin bashin da ke kanta, da ajiyarta ta kuɗin waje, da zaman lafiyar siyasarta, sa'an nan su faɗa wa masu ba da rance gwargwadon zatonsu cewa za ta biya a kan lokaci. Wanda ya karanci babin shaida a littattafan fiƙihu zai tuna da muzakki, mutumin da alƙali yake tambaya game da adalcin mai shaida: ba shi ne ya halicci halin mutumin ba, amma da zarar ya yi masa tajrihi, watau ya soki adalcinsa, a gaban majalisa, to maganarsa ta rage nauyi ko da bai canja komai a ranar ba. Matakan suna farawa daga AAA, su gangaro zuwa BBB, wanda shi ne iyakar abin da manyan asusun fansho da na inshora da yawa suke da izinin saye bisa ƙa'idojinsu. Daga BB zuwa ƙasa kuwa bashi ne na kasada, kuma idan aka kai harafin C an fara jin ƙanshin gazawa.

Nijeriya ta fara samun wannan shaida a farkon 2006, lokacin da Fitch da Standard & Poor's suka ba ta BB-, bayan yarjejeniyar Oktoban 2005 da ƙasashen da ke bin ta bashi a Faris, wadda aka yafe mata dala biliyan 18 daga cikin kimanin 30, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Daga baya ta shiga kasuwar duniya a Janairun 2011 ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 500. Daga 2015 sai gangara: Standard & Poor's ya sauke ta zuwa B+ a 2015, zuwa B a 2016, zuwa B- a 2020; Moody's kuwa, da nasa salon alamomin, ya bi ta da B1 a 2016, B2 a 2017, B3 a Oktoban 2022, har ya kai ta Caa1 ranar 27 ga Janairun 2023.

Fasali na biyu: Wane ne ya riga wani, naira ko hukuncin?

Abin da ya fi yawa a bakunan mutane shi ne, an sauke darajar ƙasa, saboda haka kuɗinta ya faɗi. Amma idan aka jera tarihin abubuwan bi da bi, sai a ga al'amarin ya fi karkata ga akasin haka. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta sauko ƙasa da 30 a Janairun 2016, Babban Bankin Nijeriya kuwa ya riƙe dala a kan naira 197 zuwa 199 na tsawon fiye da shekara, alhali kasuwar bayan fage ta riga ta wuce 300. Ranar 20 ga Yunin 2016 bankin ya saki hannu, dala ta koma wajen 280, kuma bayan haka da 'yan kwanaki ne Fitch ya sauke ƙasar zuwa B+; Standard & Poor's ma bai yi nasa ba sai a Satumba, bayan hukumar ƙididdiga ta tabbatar da cewa tattalin arziki ya shiga karaya. 'Yan canji na Wapa a Kano da takwarorinsu na bakin iyaka sun yanke nasu hukuncin watanni kafin kamfanonin su sa hannu a nasu.

Haka al'amarin yake a 2023, har ma ya fi bayyana. Illolin da Moody's ya kafa hujja da su babu ɓoyayye a cikinsu: haƙar mai ta faɗi ƙasa da ganga miliyan guda a rana a wasu watannin 2022 saboda sata da fasa bututu, tallafin fetur yana cinye abin da ya kamata ya shiga baitulmali, gwamnati ta ci bashin Babban Banki har naira tiriliyan 22.7, kuma kuɗin ruwa yana lashe kaso mai tsoka na kuɗin shiga. Ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Shamsuna Ahmed, ta nuna rashin amincewa da hukuncin. Takardun lamunin Nijeriya na dala sun faɗi nan take, domin su ne abin da hukuncin ya shafa kai tsaye, kuma cikin kwanaki kaɗan Moody's ya sauke bankuna tara na ƙasar, bisa ƙa'idar cewa bankin da ya zuba dukiyarsa a takardun gwamnati ba ya fin gwamnatin amana. Amma naira ba ta motsa sosai ba: a hukumance tana wajen 460, domin Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ne ke riƙe da linzaminta, a bayan fage kuma tana wajen 750, domin ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya haifar a watannin nan ya hana mutane ko abin sayen dalar. Babbar faɗuwa ba ta zo ba sai ranar 14 ga Yunin 2023, da sabuwar gwamnatin Bola Ahmed Tinubu ta haɗe kasuwannin canji, sa'an nan a farkon 2024 dala ta kai wajen 1,500.

Wannan ba ya nufin hukuncin ba shi da tasiri ga kuɗi ko kaɗan. Tasirinsa yana bin hanya mai nisa ne: ƙasar da aka sauke ba ta iya cin bashin dala sai da ruwa mai tsada, bankunanta suna shan wuya wajen samun lamuni daga takwarorinsu na waje don buɗe wa 'yan kasuwa takardun shigo da kaya, masu zuba jari na ɗan lokaci suna janye jiki, sai dalar da ke shigowa ta ragu, matsi ya taru a bayan farashin hukuma, har ranar da ba makawa sai an sake shi.

Fasali na uku: Hujjar sefa

Fa'idar kallon wannan mas'ala daga Bagudo ita ce, a nan ne kuɗi biyu masu tsari daban suke haɗuwa kullum a hannu ɗaya. Sefa, wadda babban bankin ƙasashen yammacin Afirka takwas yake bugawa daga hedkwatarsa ta Dakar, an ɗaure ta da yuro a kan 655.957 bisa lamunin baitulmalin Faransa, kuma tun rage darajarta da rabi a Janairun 1994 ba a sake taɓa ma'auninta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta ƙaƙaba, Moody's ya sauke Nijar daga B3 zuwa Caa2, sa'an nan zuwa Caa3 a Fabrairun 2024, bayan ta kasa biyan wasu basussukan da wa'adinsu ya cika a kasuwar yankin. A cikin wannan lokaci Standard & Poor's ya ɗaga Benin zuwa BB- a Afrilun 2024. Ga ƙasashe biyu, gada ɗaya ce tsakanin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin, an sauke ɗaya har kusa da ƙasan mizani, an ɗaga ɗaya, amma jakar sefa a Gaya ita ce jakar sefa a Malanbil, ba ragi ba ƙari. Nijar ta biya kuɗin hukuncin ta wata fuska, watau tsadar rance da ƙuntatar baitulmali, kuɗin aljihun talakanta kuwa bai canja suna ko ƙima ba.

A gwada wannan da Gana, wadda kuɗinta yake yawo da kansa: Moody's ya sauke ta zuwa Caa1 a Fabrairun 2022, kasuwar lamuni ta duniya ta rufe mata ƙofa, sidi ya rasa fiye da rabin darajarsa a wani lokaci cikin shekarar, kuma a Disamba gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Afirka ta Kudu ma da Moody's ya fitar da ita daga sahun amintattu ranar 27 ga Maris 2020, kuɗinta ya faɗi zuwa matakin da bai taɓa kaiwa ba, ko da yake annobar korona tana da nata kaso a ciki. Natijar wannan ƙiyasi ita ce, hukunci ɗaya yana haifar da sakamako uku: inda kuɗi yake sake, yana bugunsa nan da nan, inda hukuma take riƙe da shi da ƙarfi, yana jinkirta bugun ya ƙara masa nauyi, inda aka ɗaure shi da kuɗin wata ƙasa, yana kauce wa kuɗin ya faɗa kan kasafin gwamnati.

Fasali na huɗu: Kasuwar hannun jari, zahirinta da baɗininta

A ƙasashen da baƙi suka cika kasuwa, saukar da daraja takan girgiza hannayen jari a rana guda. Da Standard & Poor's ya cire wa Amurka AAA ranar 5 ga Agustan 2011, ma'aunin Dow Jones na kasuwar hannun jarin ƙasar ya faɗi da maki 634 a ranar ciniki ta farko bayan haka. A Legas kuwa abin mamaki ne ya faru a 2023, domin ma'aunin kasuwar, wanda ya rufe 2022 a kan 51,251, bai faɗi nan take bayan hukuncin Janairu ba, kuma ya rufe shekarar a kan 74,773, ƙarin kusan kashi 46 cikin ɗari, kuma a Janairun 2024 ya haura 100,000. Sababin haka guda biyu ne. Na farko, baƙin da za su firgita su gudu sun riga sun tafi tun shekarun baya, sa'ad da suka ga suna sayar da hannun jari ba sa samun dalar fita da kuɗinsu, har rabonsu a cinikin kasuwar, wanda ya haura rabi a 2014, ya koma wajen kashi goma da 'yan kai a 2023. Wannan ƙarancin dala ne ma ya sa kamfanonin FTSE Russell da MSCI suka cire Nijeriya daga jerin kasuwannin da suke aunawa tare. Na biyu, 'yan ƙasa masu naira da suka ga hauhawar farashi ta fi ruwan da takardun gwamnati suke bayarwa, sai suka fake da hannun jari don kada dukiyarsu ta narke.

Amma a yi lissafi da dala a ga baɗinin al'amarin. Wanda ya kawo dala 100 a farkon 2023 ya canja a kan 460, ya sami naira 46,000. Kasuwa ta ƙara masa kashi 46, suka zama kimanin 67,000. Da ya zo fita a ƙarshen shekara dala tana wajen 900, sai ya tashi da dala 74 ko 75. Ya ci riba a takarda, ya yi hasarar rubu'in uwar kuɗinsa a haƙiƙa. Cikin kasuwar ma ba a raba ribar daidai ba, domin manyan bankuna masu ajiyar dala sun sami riba mai yawa daga faɗuwar naira, alhali kamfanonin da ake bin su bashin dala sun ji jiki: MTN Nigeria ya bayyana hasarar naira biliyan 137 a wannan shekara, Nestlé Nigeria kuma kusan biliyan 80.

Fasali na biyar: Inda nauyin yake sauka

Da wuya a sami manomin shinkafa a fadamun Illo ko makiyayi a Ka'oje da ke da hannun jari a Legas, amma babu wanda ya tsira daga sakamakon. A farkon 2023, idan aka bi ta farashin dala a bayan fage, sefa 1,000 tana daidai da naira 1,200 da ɗoriya. Bayan shekara guda ta kai wajen 2,500. Mai sefa da ya ƙetaro daga Segbana ya tarar buhun gero da na masara sun zame masa rabin kuɗi, sai hatsi ya juya akalarsa zuwa waje, har hukumar kwastan ta shiga tare manyan motocin abinci a iyakokin Arewa a farkon 2024, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Manomi mai rarar amfani ya ji daɗin farashi, amma takin zamani da maganin feshi da fetur ɗin injin ban ruwa duk sun bi dala sun hau, ga cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023, wanda ya rage ribar masu ɗaukar jarkoki a kan babur zuwa tsallake. Shinkafa 'yar waje da gwanjo da motocin da ake saukewa a tashar Kwatano kuwa sun yi tsadar da rufe iyaka na Agustan 2019 da kansa bai jawo musu ba.

Akwai kuma wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Jami'in kwastan ko ɗan sandan da ke tsaye a shingen Tsamiya, ana cire masa kuɗin fansho kowane wata, kuma fiye da rabin dukiyar asusun fansho na ƙasar tana cikin takardun bashin gwamnatin tarayya, saboda haka shi ma yana cikin masu bin gwamnati bashi ko bai sani ba. Da Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin 2024 don ya jawo masu dala su dawo, ɗan kasuwar Birnin Kebbi da ke neman rancen sayen shanshera ne ya biya tsadar.

Mas'alar tana da reshe na shari'a da ya kamata malamai su kula da shi, watau hukuncin bashi idan darajar kuɗi ta canja. Mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, shi ne a biya misalin abin da aka ci, ba ƙimarsa ba, matuƙar kuɗin yana samuwa. A kan haka ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988, ko da yake Shehu Ruhuni daga malaman Magrib ya karkata ga duba ƙima idan canjin ya yi muni ƙwarai. A bakin iyaka wannan yana nufin wanda ya karɓi albasa ko atamfa bashi da sefa a 2023, sefa zai biya a 2024 ko da nairar da zai sayi sefar da ita ta ninka. Wanda kuma ya ba da bashi da naira, naira zai karɓa ko da rabin kayan kawai za ta saya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana magana ne a kan rubuta bashi, kuma a wurin da kuɗi biyu suke gudana tare, ambaton nau'in kuɗin a cikin rubutun ya zama darura.

Hatima

A Afrilun 2025 Fitch ya ɗaga Nijeriya zuwa B, a ƙarshen Mayu kuma Moody's ya mayar da ita B3, a daidai lokacin da dala take tsakanin naira 1,500 da 1,600, watau fiye da ninki uku na farashinta na hukuma ranar da Moody's ya sauke ƙasar a Janairun 2023. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da kamfanonin suke aunawa shi ne ikon gwamnati na biyan masu bin ta, ba farashin tiyar hatsi a kasuwar Bagudo ba, kuma sau da yawa matakin da yake faranta wa mai bin bashi shi ne yake ƙuntata wa mai cefane. Ƙorafin shugabannin Afirka cewa ana tsananta wa ƙasashensu a wannan awo yana da ƙamshin gaskiya, kuma yunƙurin Tarayyar Afirka na kafa nata kamfanin abin maraba ne, amma mai ba da rance ba zai saurari sabon muzakki ba sai ya ga yana iya faɗar abin da gwamnatoci ba sa son ji.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Gwamnati ta mai da hankali ga asalin cutar, watau ƙarancin kuɗin shiga da dogaro ga mai, ta kuma guji farashin canji biyu, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce alamar farko da kowa yake karantawa. Jami'o'inmu na Kebbi da Sakkwato su ɗauki nauyin rubuta farashin naira da sefa da na hatsi a Tsamiya da Lolo da Kamba mako-mako, tun da tarihin da muka bi ya nuna cewa waɗannan kasuwanni suna riga hukuncin waje magana. Malamai da shugabannin 'yan kasuwa kuma su wayar da kan jama'a game da rubuta bashi da tantance kuɗin da za a biya shi da shi. Allah ne mafi sani.